Hoton amaren ƙauye, daga kaka zuwa bakin azumi

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Gero ya shiga rumbu, riɗi ya tafi kasuwar Gujungu, kuɗi ya ɗan zauna a hannun mutane. Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da ke biye: daga yanzu har a ga watan azumi, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure ba a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura. Aikin da na ɗora wa kaina a wannan tsakanin shi ne, duk gidan da aka kira ni, in zaunar da amarya in ɗauke ta hoto na tsanaki, in wanke shi a takarda, in damƙa mata a hannu.

Ni malamar firamare ce, hoto sha'awa ce kawai. Kyamarata Canon 600D ce ta hannu, yayana ya sayo min a Kano. Samfurin ya fito tun 2011, megafiksel 18, kuma in an ba ta haske har yau ba ta kunyata mai ita. Gilashi biyu gare ni, wato idon da ake ɗaura wa kyamara a gaba: 18-55 ɗin da ta zo da shi, da ƙaramin 50mm mai buɗewa har f/1.8 (ƙaramar lamba bayan f na nufin ƙofar haske ta buɗe sosai), shi ne na fuska. Caji kuwa mun daidaita da yaron da ke cajin waya da sola a bakin tasha, ina kai masa batir ranar Alhamis in karɓa da safiyar Juma'a.

Masu hoton da ake ɗaukowa daga gari maza ne, iyakarsu ƙofar gida. Su ɗauki ango da abokansa, su ɗauki liman da waliyyi, in an yi musu alfarma a fito da amarya soro na ɗan lokaci, a lulluɓe. Duk abin da ke faruwa a ɗaki wayoyin ƙawaye ne ke ɗauka, wayar kuwa ranar da ta faɗa rijiya ko aka kai ta kasuwa, hoton ya bi ta. Malamai matan da muke koyarwa tare, kusan kowacce haka nata hoton bikin ya tafi.

Na yi wa kaina alƙawarin ba zan haska wa amarya filasha a fuska ba, ba zan ƙara mata hasken fata ba, hotonta kuma ba zai hau Facebook ko wani wuri daga hannuna ba, ko da ita ce ta ce in sa. Wannan na ƙarshen ne ke sa iyaye su buɗe min ƙofa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Bikin farko. Gidan ƙasa ne, ɗakin da aka ajiye amarya yana can ƙurya, taga ɗaya ce 'yar mitsitsiya, ita ma an toshe ta da kwali. An shafe bango da shuɗin fenti har rabi, a sama ga ƙwan sola mai farin hasken nan mai ɗaukar ido. Mata sun cika ɗakin maƙil, hayaƙin turaren wuta ya ƙi fita. Duk wanda aka ɗauka a irin wannan wuri toka-toka zai fito, domin hasken ƙwan da kansa ya karkata wajen shuɗi, bangon kuma yana mayar da nasa launin a kan kumatu.

Na durƙusa gaban gwaggon amarya, don ita ke riƙe da ɗakin.

"Gwaggo, don Allah a kashe min ƙwan nan, a ɗage labule, a matso da ita bakin ƙofa."

"Ke 'yar nan, a kashe wuta kuma a ɗauki hoto? Yau na ji sabon abu."

"Hasken waje ya ishe mu, Gwaggo. Za ki gani."

Ta yi tsaki, amma ta sa aka kashe. Muka ajiye kujera 'yar tsugunno taki ɗaya daga bakin ƙofa zuwa ciki, amarya ta zauna kafaɗa ɗaya na kallon waje. An yi la'asar, rana ta koma bayan ɗakin, saboda haka abin da ke shigowa haske ne da ya daki yashin tsakar gida da jar katangar da ke fuskantar ƙofar, sannan ya dawo. Irin wannan yana da faɗi, yana da ɗumi, yana kwanciya a kan baƙar fata ba tare da ya ƙona goshi ba. Bayanta kuwa ɗakin ya faɗa duhu, ya haɗiye buhunan gara da ƙafafun mutane. Taki ɗayan nan yana da muhimmanci: da ta ƙara matsawa ciki taki biyu, hasken da ke fuskarta zai ragu sosai, sai an ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, har hoto ya fara yin tsaki-tsaki. Na tsaya a ISO 400, f/2.8, saurin ɗauka kuma 1/160 na daƙiƙa. Ƙanwarta ta riƙe min farin mayafi a ɓangaren inuwa, ya ɗan mayar da haske ƙarƙashin haɓa.

Ba ta ɗago kai ba, ni ma ban ce ta ɗago ba. Na zauna a ƙasa daɓas, na juyo allon kyamarar sama, na ɗauko ta daga ƙasan idonta. Fuskar ta fito gaba ɗaya, ido a ƙasa, gefen mayafi ya raba goshin biyu.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Akwai wani abokin mahaifina da ya yi shagon hoto a gari tun zamanin fim mai ɗaukar 36, yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da shi a zaure. Shi ne alƙalina. Ba ya duba hoto a waya, ya ce abin da ke haskaka kansa ba a yi masa shari'a. Sai da na wanko ƙanana, inci 4 da 6, na kai masa.

Ya jera su a tabarma, ya ɗauki wanda na fi so, ya juya shi kai a ƙasa.

"'Yata, kar ki yi tunani. Ina idonki ya fara sauka?"

"A kan abin nan mai ƙyalli, Baba."

"Mene ne shi?"

"Murfin samira."

"To masu samira za su gode miki."

Dabararsa ke nan: in aka kifa hoto, ido ya daina ganin mutum, sai haske da duhu, kuma duk inda ya fi haske nan zai nufa. A hoton amarya, wurin nan ya kamata ya zama fuskarta ko abin da ke kusa da ita. A ɗakin amaryar ƙauye kuwa komai ƙyalli yake yi, daga jeren kwalla da kumbo har ledar tsakar ɗaki, don haka kafin a danna sai an bi kusurwa huɗu da ido.

Ya wuce kan gaɓoɓi. Bai yarda a yanke mutum a wuyan hannu ko gwiwa ko yatsu ba. Ko a sa hannun duka, ko a yanke a tsakiyar damtse. Wannan ban yi masa gardama ba. Inda muka rabu shi ne kan ido. Shi a wurinsa hoton da ba a ga ƙwayar ido da ɗigon haske a cikinta ba, bai cika ba. Na ce masa, Baba, yarinyar da ta zuba wa kyamara ido ranar bikinta a garin nan, kafin magariba dangin miji sun gama yi da ita. Ban da haka ma, sunkuyar da kan nan shi ne gaskiyar ranar. Haka ta wuni, haka uwarta ta yi, in na ɗago mata haɓa na ce ta yi murmushi, na ɗauki wata rana daban da ba a yi ba.

Ya yi shiru yana sosa gemu, sannan ya ce in riƙa ɗaukar biyu. Ɗaya na bango, wanda suruka za ta gani. Ɗaya kuma a kori kowa daga ɗakin in ban da aminiyarta, a bar ta ta kalle ni, wannan na ƙasan akwati ne. Na karɓi wannan.

Kafin in tashi na nuna masa hotunan Seydou Keïta, mutumin Bamako da ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, ya rasu a 2001. A tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, abin da ya fara ratayawa a bayan mutane kuwa zanen gadonsa ne. Baba ya karya dokarsa ya duba a wayar, ya daɗe a kan wata mata mai riga mai zane-zane da ta jingina da bango mai zane-zane. Ya ce wannan a baƙi da fari ne ya yiwu, in na gwada ɗora atamfa a kan atamfa a hoto mai launi, faɗa za su yi, amarya ta ɓace a tsakaninsu. Bayan amarya mai atamfa ko leshi, katangar ƙasa ko zana ko duhun ɗaki sun fi.

Juma'a, 6 ga Disamba

Ɗaurin aure bayan sallar Juma'a ba wurina ba ne, ƙanena na ba kyamarar. Matsalar wurin ɗaya ce kullum: farar shadda da rana tsaka. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, launin toka. In ya ga manyan riguna farare sun cika gabansa, sai ya ɗauka haske ya yi yawa ya rage, shaddar ta yi dauɗa-dauɗa, fuskoki su koma baƙi ƙirin. Na saita masa ƙarin haske mataki ɗaya, na ce ya ja ango da abokansa inuwar katangar masallaci. Na hana shi gindin darbejiya, don rana na ratsa ganye ta yi wa mutum dabbare-dabbare a fuska, na kuma hana shi ƙarƙashin rumfar haya, wadda in ja ce kowa ya yi ja, in shuɗiya ce kowa ya yi kamar mai jinya. Ya dawo da aiki mai kyau, sai dai sankira ya shiga kusan kowane hoto.

Litinin, 16 ga Disamba

Rigimar da nake jira ta zo. Na tura wa wata amarya hotunanta ta wayar babbar ƙawarta. Kafin isha'i ƙawar ta dawo min da ɗaya daga ciki, ta bi da shi ta manhajar gyaran fuska, ta rubuto: "Malama, haka ake yi yanzu. Naki ya yi duhu."

Na ajiye biyun gefe da gefe na duba da kyau. Amaryar baƙa ce mai sheƙi, tana da bille a kumatun hagu, da ɗan gibi a gira ɗaya. A nawa, haske ya bi karan hancinta ya sauka a leɓen ƙasa, ana ganin inda kwalli ya ɗan zarce gefen ido. A na ƙawar, billen ya tafi, hancin ya baje ya rasa gefe, fuskar ta yi sumul kamar bangon da aka shafe da farar ƙasa. Wuya da hannuwa kuwa suna nan da launinsu, don manhajar fuska kawai ta sani. Kai na wata, jiki na wata.

Ranar Asabar na kai wa mahaifiyar amaryar duka biyun, ƙawar na zaune. Ta karɓi wayar ta nisantar da ita daga ido, ta duba wannan ta duba wancan.

"Wannan farar ta fi kyau," in ji ta. Ƙawar ta kalle ni ta yi dariya. "Amma waccan za ki wanke min, Malama. Billen nan kakanta ne ya sa aka yi mata, tana jinjira, ina riƙe da ita."

Amaryar ita kanta duka biyun take so, kuma ban ga laifinta ba. Matsayata dai ita ce: abin da suka yi da hoto a wayoyinsu nasu ne, wanda zai fita daga hannuna a takarda launin da Allah ya yi ta da shi zai ɗauka. Ina goge ƙurjin da zai baje cikin mako ɗaya, ina goge ƙudan da ya sauka a mayafi. Bille da tabon haihuwa da wushirya ba na taɓa su.

Wannan tunani na cewa baƙar fata matsala ce a hoto ya girmi wayoyin nan. A da, daga shekarun 1950, kamfanin Kodak mai yin fim ɗin hoto ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launin injin, wanda duk fatarsa ta yi nisa da tata sai abin da ya samu. Yau da nake ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, in daidaita launi da hannuna, babu wannan uzurin. Abin da baƙar fata ke so haske ne mai faɗi da ke zuwa daga gefe, da ɗan maiƙo da zai kama shi. A hunturun nan ina yawo da man kaɗanya a jaka, a shafa kaɗan a bayan hannu da gwiwar hannu da leɓe. Masu kwalliya kuma ina roƙonsu, in za su sa hoda su sa wadda ta dace da wuyan yarinya. Hodar da ta fi fata haske ido na iya yafe mata, kyamara ba ta yafewa.

Asabar, 28 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai, rana ta zama fari fat ana iya kallonta. Masu mura na kuka, ni kuwa kakata ta yanke saƙa: sama gaba ɗaya ta zama fitila ɗaya mai laushi, ana iya zaunar da amarya a tsakar gida da hantsi ba a ga inuwa a ƙarƙashin ido ba. Sai dai launi yana yin fari-fari, sai na ƙara masa ɗan ƙarfi a gyara. Ba na cire gilashi a waje ko kaɗan, abin da na ɗaura daga gida da shi zan dawo, don ƙura in ta shiga cikin kyamara ɗigo take zama a wuri ɗaya a kowane hoto. A kan acaɓa kyamarar na cikin leda, ledar na cikin zane.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Makon lalle. Yawancin amaren nan hoton hannu suka fi damuwa da shi, kuma suna da gaskiya, domin ƙunshin ya ci wuni guda ana zaune, sati biyu ko uku ya gushe.

Abu na farko lokaci. Jan lalle ranar da aka kwance shi ruwan goro yake, sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna ya yi jawur. In an yi ƙunshi Laraba, hoton Juma'a ya fi na Alhamis. Baƙin da ake zana fulawa da shi kuwa tun ranar farko yake da ƙarfi, daga nan sai raguwa. Wata amaryar ma bayan hannunta ya yi ƙuraje ya kumbura saboda baƙin, don galibi da rinin gashi ake haɗa shi, kuma ba kowace fata ke ɗauka ba. Tafin hannunta kawai na ɗauka.

Na biyu nisa tsakanin hannu da fuska. Yayin da ake ciki shi ne amarya ta miƙo hannuwa gaba ta rufe rabin fuska. Da gilashin 50mm a f/1.8, ina tsaye mita ɗaya da rabi, abin da zai fito tar bai wuce kaurin santimita 6 ba. Ko lallen ya fito ido ya yi dishi-dishi, ko ido ya fito lallen ya narke. A f/4 yana kaiwa kusan santimita 14. Saboda haka ko in tsuke zuwa f/4 in nemi ƙarin haske, ko in sa ta kwantar da tafin hannu a kumatu ko a ƙirji, hannu da ido su zama layi ɗaya. Na biyun ya fi sauƙi kuma ya fi kama da yadda mace ke zama.

Hoton da ya fi min daɗi a makon ba na amarya ba ne. Kakarta ce, ta ce ita ba ruwanta da salatif da fulawa, ta sa aka kwaɓa mata lalle ta zura hannu a zunguru irin na da. Da ta ciro washegari ya yi baƙi-baƙi har wuyan hannu. Na ɗora hannunta a kan na jikar a bisa faifai na ɗauka daga sama. Baba da ya gani bai juya shi ba, ya dai ce faifan ya karkace.

Talata, 21 ga Janairu

Na shiga Kano wankin manya. Litar fetur ta haura naira 1,000 tun kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta, shi ya sa nake tara aiki in tafi gaba ɗaya.

Abu biyu na tsaya a kansu a wurin wankin. Yaron da ke kan kwamfuta hannunsa ya saba, da ya ga baƙar fuska sai ya ja haske sama ba tare da an tambaye shi ba, don abin da yawancin masu kawo aiki ke so ke nan. Na ja kujera na zauna kusa da shi, na ce a buga yadda na kawo, a fara da gwaji ɗaya in fita da shi waje in duba a hasken rana.

Sai girma. Hoton kyamarar nan tsawonsa uku ne faɗinsa biyu, ya dace da inci 4 da 6, ya dace da 8 da 12. Firem ɗin da ya fi yawa a kasuwa kuwa 8 da 10 ne, wato sai an datse inci biyu, kuma abin da ke tafiya ko saman ɗaurin kallabi ne ko yatsun lalle. Waɗanda na bar musu fili a sama da ƙasa na buga su 8 da 10, sauran 8 da 12, kafinta a garinmu zai haɗa musu katako. Takarda marar sheƙi na zaɓa, don mai sheƙi da damina tana manne wa gilashi, kuma hoton amarya hannu hamsin ke taɓa shi ranar farko.

Wanda zai tura hoto ta WhatsApp don a wanke, ya tura shi a matsayin dokumen. Ta hanyar da aka saba matse shi ake yi, a waya ba a gane ba, a takarda sai leshi ya zama dusa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Sha'aban ya shiga, kowa na so 'yarsa ta yi azumi a ɗakinta. Akwai ranar da gida uku suka kira ni, na zaɓi wanda ba su da mai babbar waya ko ɗaya.

Jiya na tsaya har kai amarya. Bayan magariba aka shigar da ita wurin mahaifinta. Yana zaune a buzu, fitila mai batir a gefensa, ya yi mata nasihar da kowane uba ke yi, yi na yi bari na bari, muryarsa na rawa. Ita kuwa ta kifa kai a gwiwar mahaifiyarta, sai da aka ɓamɓare yatsunta daga zanen ɗaya bayan ɗaya. Kyamarar za ta iya: ISO 3200, f/1.8, in jingina da bango. Wayoyi huɗu na kanta da fitilunsu a kunne. Ni na rataye tawa a kafaɗa.

Da na gaya wa Baba ya yi faɗa. Ya ce mai hoto ba ya jin kunya, wannan ne hoton da za ta nema bayan shekara talatin, lokacin da uban ba ya nan. Maganarsa tana da nauyi, na kwana ina juya ta. Amma an shigar da ni ɗakin ne a matsayin 'yar gida, yarinyar kuma ba ta cikin halin da za a tambaye ta ta yarda ko ba ta yarda ba. Abin da na ɗauka shi ne fitarsu: bayanta, lulluɓe da mayafin gwaggonta, mata biyu sun riƙe ta, fitilar motar da ke jira a ƙofar gida ta zana gefen kowa. A 1/60 ƙafafu sun ɗan ja, na bar su haka. Abin da muka tsayar da Baba shi ne, nan gaba in tambayi uwa da amarya tun ranar kamu, in sun ce a ɗauka, in ɗauka daga nesa, uban ya zama shi ne a saiti.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wata tsohuwar ɗalibata da ta gama sakandare ta fara bi na tana riƙe min mayafi, tana kuma ɗauka da wayarta. Yau ta kawo nata in duba. Idonta na da kyau wajen lokaci, ta kama wata guɗa baki buɗe hannu a hanci wadda ni ban ma gani ba. Ciwonta guda ne: tana kai wayar dab da fuska. Gilashin waya mai faɗi ne, in aka matso hanci ya ƙara girma kunnuwa su gudu baya. Na sa ta ja baya taki uku ta yanke daga baya. Na kuma kifa mata hoton kai a ƙasa, ta ga bokitin roba ja da ke bayan amaryar da kanta.

Na ba ta aikin ɗaukar kitso da ɗauri daga baya da gefe, abin da kowa ke mantawa. Na nuna mata aikin J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriyar da ya fara bin kitson mata da kyamara a 1968 ya tara kusan dubu, yawanci daga ƙeya, bango fili babu komai. Shuku ko zanen yawo da aka yi wa amarya ana rufe shi da kallabi, ba mai gani sai miji, sati biyu a tsefe.

Amaryar yau bazawara ce, aurenta na biyu, da 'yarta a gefe. Ba kamu, ba lulluɓi, walima ce kawai. Ta zauna a bakin ƙofa ta gyara laffayarta, ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Ƙanwata, ɗauki da kyau, na farkon ba a yi min ba." Wannan zan fara kai wa Baba, ga ƙwayar ido ga ɗigon hasken da yake nema.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama ranar Asabar, bukukuwa sun tsaya. Manyan da na wanko a Janairu duk sun isa hannun masu su. Na Sha'aban suna kwamfuta, zan gyara su da hantsi kafin ƙishirwa ta taso, in shiga Kano sau ɗaya kafin cunkoson kayan sallah. Kowace amarya na kwafe nata a memori biyu, ɗaya a wurina ɗaya a wurin yayana. Biya kuwa yadda ya samu: wasu kuɗin wanki da na mota, wani gida kwanon wake, wani gida zabi biyu.

An riga an kama ni bukukuwa bayan ƙaramar sallah, kuma lokacin bazara ce tsakiya. Hasken bakin ƙofa zai yi tsauri don yashi zai riƙa dukan ido, gumi zai kwashe hoda kafin a zauna. Zan gwada ɗauka da sassafe kafin gida ya cika, in gwaggonni sun yarda a yi wa amarya kwalliya a wannan lokacin. Ɗalibar tawa kuma za ta riƙe kyamarar a bikin farko, ni in riƙe mayafi.